Manhaja na sandarewa idan sabis ya yi rauni, alhali an sa async. Ina matsalar take?

ɗan_argungu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu aikin Android. Akwai manhajar rajistar manoman shinkafa da ake aiki da ita a ƙauyukan fadama tsakanin Argungu da Augie, da yaren shirye-shirye na Kotlin aka rubuta ta. Ma'aikaci zai cika sunan manomi da girman gona, ya ɗauki hoto, ya danna "Aika". A cikin Birnin Kebbi komai lafiya lau. Da an shiga inda sabis ya koma 2G sai allo ya sandare, in aka sake dannawa sai Android ta fito da saƙon cewa manhaja ba ta amsawa, a jira ko a rufe. Wayoyin ƙanana ne masu RAM 2GB. An sa `suspend` a gaban aikin aikawar, ana kiran shi cikin `lifecycleScope.launch`. To mi ya rage? A fahimtata da an sa async, wato aiki ya yi jiransa ba tare da ya tsayar da sauran ba, magana ta ƙare.

Injiniya_BK:
Wa alaikumus salam. Ba ta ƙare ba ƙanena. Kowace manhajar Android tana da babban zare guda ɗaya, wato layin aikin da ke bin umarni ɗaya bayan ɗaya, shi ke zana allo, shi ke karɓar dannawar yatsa. Allon da ke sabuntawa sau 60 a sakan yana ba shi milisakan 16 da ɗoriya ya gama kowane zane. Ya wuce haka, mai waya zai ga allo na tsalle-tsalle. Idan kuma aka taɓa allo ya yi sakan 5 bai amsa ba, Android ta fito da saƙon da kake gani, wanda ake kira ANR. Shi ya sa ka lura sai an sake dannawa yake fitowa: agogon sakan 5 ɗin yana fara ƙirga ne daga taɓawar da ba a amsa ba.

Kalmar `suspend` ba ta ɗauke aiki daga babban zare. Izini kawai take bayarwa cewa aikin na iya dakatawa ya saki zaren a wuraren da aka tanada. Shi kuwa `lifecycleScope.launch`, in ba ka ce masa komai ba, a kan babban zare yake tashi. To idan abin da ke cikin aikin naka mai riƙe zare ne har sai ya gama, ka riƙe allo ke nan, da `suspend` da babu.

yar_jega:
Injiniya, bayaninka daidai ne, amma akwai abin da bai zauna ba. Tun Android 3.0 a 2011, duk wanda ya taɓa intanet a kan babban zare, manhajar faɗuwa take yi nan take da `NetworkOnMainThreadException`, ba sandarewa ba. Tunda manhajar tashi sandarewa take yi, wani ya toshe bakin wannan gargaɗin ko ya zagaye shi. ɗan_argungu, bincika duk aikin ka nemo waɗannan: `permitAll`, `runBlocking`, `.get()` a kan Future, `Thread.join`, da `allowMainThreadQueries`. Ɗaya daga cikinsu na nan.

ɗan_argungu:
Malama, kin gano shi. A cikin `onCreate` akwai layin StrictMode, mai gadin dokokin babban zare, da `permitAll()`, kuma aikawar da `call.execute()` na Retrofit, mai haɗa manhaja da saba (kwamfutar da ke karɓar bayanan), ake yin ta. Akwai `allowMainThreadQueries()` ma a wurin haɗa Room, ma'ajiyar bayanai ta cikin waya.

yar_jega:
To ga tsarin gyara. Fara da goge `permitAll()` da `allowMainThreadQueries()`. Manhajar za ta riƙa faɗuwa a wurare da dama, kada hankalinka ya tashi, kowace faɗuwa tana nuna maka layin da ke riƙe allo ne.

Sai Retrofit. Tun sigar 2.6.0 yana karɓar `suspend` kai tsaye, don haka ka rubuta `suspend fun aika(...)` a wurin bayyana hanyoyin saba, ka daina dawo da `Call`. Shi zai yi jiran a bayan fage ya dawo maka da amsa a kan zaren da ka kira shi. Haka Room: ka sa `suspend` a ayyukan DAO, ko su dawo da `Flow`. Duk abin da ya rage na karanta fayil ko rubuta shi, naɗe shi cikin `withContext(Dispatchers.IO)`. Kuma ka sa wannan naɗin a cikin aikin kansa, kada ka bar wa mai kira, don duk wanda ya zo bayanka ya iya kiran shi daga allo ba tare da fargaba ba.

bakolori77:
Me zai hana a sa AsyncTask, tsohuwar hanyar Android ta aikin bayan fage, a huta? Yana da sauƙi.

Injiniya_BK:
Google ta janye goyon bayanta gare shi tun Android 11 a 2020. Babbar illarsa ita ce bai san rayuwar allo ba: a juya waya, allon ya mutu a sake gina sabo, shi yana can riƙe da tsohon, ya dawo da amsa ga allon da ba ya nan. Sabon aiki kada a fara da shi.

Malam_Gwandu:
Ku yi haƙuri in ja ku baya kaɗan, don wanga abu shi ne tushe. Aiki iri biyu ne ke tsayar da allo, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Akwai aikin jira, kamar jiran saba ko jiran ma'ajiya, akwai aikin lissafi, wanda firosesa ke yi da ƙarfinta. Mai shayi guda na iya ɗora ruwa a wuta ya juya ya yanka burodi ya karɓi kuɗi, don ruwan ba ya buƙatar hannunsa kafin ya tafasa. Amma in anka ba shi dakan citta, hannunsa ya kamu, sai dai a samo yaro ya daka. Async maganin na farko ne. Na biyu sai an ba wani zare.

A manhajar ɗan_argungu na biyun shi ne hoto. Kyamara mai megafiksel 12 tana ba da hoto 4000 sau 3000. Idan anka buɗe shi gaba ɗaya a ƙwaƙwalwa, kowane ɗigo bait 4 ne, jimilla megabait 48 don hoto guda, a wayar da RAM ɗinta duka 2GB ne. A fara karanta girmansa kawai da `inJustDecodeBounds`, a sa `inSampleSize` 4, ya dawo 1000 sau 750, wato megabait 3. A matse shi JPEG a inganci 70 zuwa 80. Duk wannan a cikin `Dispatchers.Default`, wanda yawan zarensa ke bin yawan ƙwayoyin firosesa. `Dispatchers.IO` na jira ne, shi ya sa aka bar shi ya kai zare 64.

Ga lissafin hanya kuma. Fayil ɗin hoton da ba a rage ba, mai megabait 3, megabit 24 ne. In gudun layi kilobit 100 ne a sakan, minti 4 ke nan. Hoton da anka matse zuwa kilobait 150 a wannan layin sakan 12 ne. Async ba zai rage minti huɗun nan ba ko da sakan ɗaya.

gusau_flutter:
Allah ya ƙara basira Malam. Mu masu Flutter ma haka abin yake. Dart, yaren Flutter, zare ɗaya take gudana a kai a kowane isolate, wato keɓaɓɓen ɗakin aikinta. `await http.get` ba ya riƙe allo, amma da amsar ta iso ka ce `jsonDecode` a kan jerin manoma dubu goma, allon zai tsaya cak har ya gama, ko da aikin na ɗauke da `async`. Maganin shi ne `compute()`, ko `Isolate.run` da ya zo a Dart 2.19. Abu biyu kuma da ke yawan cizon sababbi: ƙirƙirar Future a cikin `build` don FutureBuilder, sai duk sake zane ya sake kiran saba, data na ƙonewa. Ƙirƙire shi a `initState`. Na biyu, kiran `setState` bayan `await` ba tare da duba `mounted` ba, alhali mai waya ya riga ya bar shafin.

dan_zuru:
Ni dai ban yarda da Malam_Gwandu ɗari bisa ɗari ba cewa async ba ya rage lokaci. Idan shafi na buƙatar jerin ƙauyuka, jerin irin shinkafa da bayanan ma'aikaci, kowanne sakan 2, ka jera `await` uku bi da bi, sakan 6 ne. Ka tura su tare da `Promise.all` na JavaScript, kusan sakan 2. A Kotlin `async` uku sannan `awaitAll`. Wannan ai ragi ne.

Malam_Gwandu:
Ragi ne, amma ka lura da abin da ka rage. Jira uku ka haɗa sunka zama ɗaya. Yana aiki ne idan jinkirin na saba ne ko na nisan tafiya. Idan layin ne ya cushe, kamar 2G da hotuna, uku a tare rabon layin za su yi, kowanne ya ƙara daɗewa, har wani ya ci lokacinsa ya faɗi. A irin wannan layi hoto ɗaya-ɗaya ya fi, ko biyu iyaka, da `Semaphore`.

dan_zuru:
A kan hotuna na yarda. A kan ƙananan buƙatu ina nan a kan bakana. Tunda an shigo JavaScript, bari in ajiye wa masu shafukan intanet abu uku. `forEach` ba ya jiran `async`, zai harba duka ya wuce, ka yi amfani da `for...of` in kana son bi da bi. `Promise.all` da ɗaya ya faɗi duka ya faɗi, in kana son sakamakon kowanne ka ɗauki `Promise.allSettled` na ES2020. Sannan `fetch` ba shi da wa'adin kansa sai kai ka sa masa, ka ba shi `AbortSignal.timeout(15000)` ko AbortController, in ba haka ba alamar lodi ta yi ta juyawa mai waya na kallo.

Hajiya_Kalgo:
Maganar wa'adi ta shafi ɗan_argungu kai tsaye. OkHttp, wanda Retrofit ke hawa a kai, yana zuwa da sakan 10 na haɗawa, 10 na karantawa, 10 na rubutawa. Ka ga ko na haɗawar kaɗai ya ninka sakan 5 na ANR. Abin da mutane ba su lura da shi ba: na karantawa da rubutawa ba na dukan aikin ba ne, na tsakanin motsin bayanai ne. Muddin layin na ɗigowa kaɗan-kaɗan, ba zai yanke ba. Mai yanke dukan kiran shi ne `callTimeout`, kuma a kashe yake zuwa. Ka sa shi da kanka, misali sakan 30 ga rubutu, 120 ga hoto.

kaura_namoda:
Duk kun yi bayani mai kyau, amma ni ina ganin tambayar ma a karkace take. Me ya sa ma'aikaci zai tsaya jiran saba gaban manomi? Allon da bai sandare ba amma yana juya alamar lodi minti biyu, ga layin mutane a rana, bai warware komai ba. Mu a Zamfara mun ga abin da ya fi raunin sabis: a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Manhajar da ba ta aiki sai da saba, a irin wannan hali ta tashi daga aiki.

Danna "Aika" ya zama rubutawa ne a Room kawai, da alamar "ba a tura ba". Wannan milisakan kaɗan ne, ma'aikaci ya wuce manomi na gaba. Turawa a miƙa wa WorkManager, mai kula da aikin bayan fage a Android, da sharaɗin `NetworkType.CONNECTED`. Yana ajiye aikin a ma'ajiyarsa, ko an rufe manhaja ko an kashe waya an kunna zai ci gaba. In aikawa ta faɗi ka dawo da `Result.retry()`, zai jira sakan 30 ya sake, sannan ya riƙa ninka jiran. Yi amfani da `enqueueUniqueWork` da `KEEP` don kada masu turawa biyu su tashi a kan jeri ɗaya. Ka san iyakokinsa: aiki guda minti 10 yake da shi kafin a tsayar da shi, mai maimaituwa kuma ba ya sauka ƙasa da minti 15.

yar_jega:
Yaya kaura_namoda, tsarin nan shi ne daidai ga aikin ƙauye, amma yana zuwa da nasa nauyin, kada a ɓoye wa yaro. Sake turawa na haifar da maimaici. Saba ta karɓi rajista ta ajiye, amsarta ta ɓace a hanya, waya ta ɗauka bai shiga ba ta sake turawa. Manomi ɗaya ya fito sau biyu, in rabon taki ne an samu rigima. Dole wayar ce za ta ƙirƙiri lambar UUID, wato lambar shaida da ba ta maimaituwa, ga kowace rajista tun lokacin rubutawa a Room, ta riƙa tura ta kowane karo, sabar kuma ta sa wa wannan gurbi sharaɗin `UNIQUE`. In ta ga lambar da ta sani, ta amsa da nasara ba tare da sake rubutawa ba.

Kuma a nuna wa ma'aikaci gaskiya a allo: guda nawa suka tafi, guda nawa ke jira. Kada a rubuta masa "An aika" alhali a cikin waya abin yake. In wayar ta faɗa ruwa a fadama da rajista 80 a cikinta, gara ya san tun farko ba su tafi ba.

bakolori77:
Wasu wayoyin ai tsarin tanadin batir nasu yana kashe aikin baya. WorkManager zai tsira?

kaura_namoda:
Ba kullum ba. A wasu wayoyin, share manhaja daga jerin waɗanda aka buɗe kamar tsayar da ita da ƙarfi ne, aikin ba zai tashi ba sai an sake buɗe ta. Don haka a sa turawa ta tashi duk lokacin da aka buɗe manhajar, a kuma sa madannin "Tura yanzu" a fili. Lokacin raba wayoyi ga ma'aikata a cire manhajar daga takurawar batir a saitin kowace waya.

mai_saba_yauri:
Kada a manta da ɗaya ɓangaren, wato sabar. Da yamma ma'aikata 50 za su dawo gari, wayoyinsu su sami 4G, duk su kwararo lokaci guda. In sabar FastAPI ce ta Python, ku kula: aikin da ka rubuta da `async def` a kan zaren zagaye guda yake gudana. Ka kira `requests.get` ko `time.sleep` ko direban ma'ajiya mai riƙewa a ciki, ka tsayar da kowa da kowa, ba mai buƙatar kaɗai ba. Ko ka koma `httpx.AsyncClient` da `asyncpg`, ko ka rubuta `def` zalla, FastAPI ta kai shi tarin zarenta da kanta. Akwai kuma `asyncio.to_thread` tun Python 3.9. A Node haka: `readFileSync` da `bcrypt.hashSync` a cikin hanyar buƙata suna riƙe kowa. Har na async ɗin ma, fayil da ɓoye kalmar sirri tarin zare 4 na libuv suke rabawa sai ka ƙara `UV_THREADPOOL_SIZE`.

Hajiya_Kalgo:
Masu rubuta manhajar kantin magani da ta makaranta da C# su ma su ji. `await` ya zo tun C# 5 a 2012, amma har yau ana ganin `.Result` da `.Wait()` a cikin madannin WinForms. Wannan ya fi jinkiri muni, kulle ne. Zaren allo na jiran aikin ya gama, aikin kuma na jiran zaren allo ya saki don ya ƙarasa, ba wanda zai motsa har a kashe. In ka fara `await`, ka bi shi har sama. `async void` kuma a bar shi ga masu karɓar dannawa kawai, don kuskuren da ya tashi a cikinsa mai kira ba ya iya kama shi.

ɗan_argungu:
Allah shi saka da alheri, iyayen gida. An cire layukan biyu, an mai da Retrofit da Room `suspend`, an rage hoto. Allo ya daina sandarewa. Saura abu guda kafin a kai ga WorkManager: in ana cikin aikawa aka juya waya ko aka danna baya, aikawar na yankewa, kuma wani lokaci sai saƙon "An samu kuskure" ya fito ba dalili. Wani ya ce a sa `GlobalScope`.

Injiniya_BK:
Kada a sa. Yankewar ba lalacewa ba ce, aikin `lifecycleScope` ke nan: allo ya mutu, ayyukansa su mutu. Juya waya kuwa kashe allo ne da sake gina shi. Ka kai aikin `viewModelScope`, shi yana tsallake juyawa, sai an bar shafin gaba ɗaya yake sokewa. Abin da dole ya kammala ko an bar shafi, kamar rajistar nan, na WorkManager ne kamar yadda kaura_namoda ya faɗa. `GlobalScope` ba mai soke shi, ba mai bibiyar kuskurensa, kuma da Android ta kashe manhajar ya tafi da aikin ba labari.

Saƙon kuskuren kuma daga `catch (e: Exception)` yake. Sokewa a Kotlin ta hanyar `CancellationException` take tafiya, kai kuma ka cafke ta ka nuna wa mutum a matsayin kuskure. Kama `IOException` da `HttpException` kawai, ko in ka kama duka ka sake jefa ta sokewar. `runCatching` ma yana haɗiye ta. Madauki mai tsawo na lissafi kuma ka sa masa `ensureActive()` a ciki, in ba haka ba ba zai ji an soke shi ba.

gusau_flutter:
Ƙari kaɗan: kashe madannin "Aika" da zarar an danna. Da allo na sandarewa shi ke hana dannawa biyu, yanzu da ya saki, mutum zai danna sau uku.

Malam_Gwandu:
Gwaji kuma kada a yi shi a ofis da wayar mai manhaja. A kulle wayar gwaji a 2G daga saitin layi, ko a tada emuleta da `-netspeed edge`. A sigar gwaji a mai da StrictMode aikinsa na asali, `detectAll()` da `penaltyLog()`, zai rubuta duk inda anka taɓa ma'ajiya a babban zare, har `commit()` na SharedPreferences da ake rainawa. In ANR ya faru, `adb bugreport` zai fiddo inda babban zare ya tsaya, layi da lamba. Wanda manhajarsa ke Play Store ya duba Android vitals: in masu ganin ANR sunka wuce kashi 0.47 cikin ɗari na masu amfani a rana, Google na iya rage nuna ta ga masu nema.

dan_zuru:
Ni abin da nake ganin bai warware ba shi ne hoton. Rajista da hoto a tura su tare ko a raba? Ina ganin a raba: rubutun bai kai kilobait 2 ba, zai wuce ko a 2G, hoto ya biyo baya da UUID ɗin.

yar_jega:
In aka raba, saba za ta riƙe rajista marar hoto na awoyi ko kwanaki, kuma duk mai duba ta a ofis dole ya san wannan hali. Sai an ƙara gurbin "hoto bai iso ba", an kuma hana amincewa da rajistar kafin ya iso. In hoton shi ne shaidar gonar, ni na fi son su tafi tare ko su tsaya tare.

kaura_namoda:
Ya danganta da abin da ofis ke buƙata da gaggawa, adadin manoma ko shaida. ɗan_argungu, tambayi masu aikin wanne suke fara dubawa. In raba za a yi, WorkManager na da `beginUniqueWork(...).then(...)`, rubutu a gaba hoto a baya, kuma na biyun ba zai tashi ba sai na farko ya dawo da `Result.success()`.